Iya ta Kan Dutse da Gatarin Nomau

"Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku."

"Ta iso mu ji ta, Kaka."

To, ku gyara zama. Ke Lanti, sauke ƙafarki daga cinyata, ba tabarma ba ce. Kai kuma Cindo, ajiye gyaɗar nan, ba na magana ana yi mini ɓare-ɓare.

Kun san itacen nan na kan dutsen bayan gari, mai gajeren jiki kamar turmi, mai ganye irin na dabino amma ga tauri ga ƙaya?

"Mun san shi, Kaka."

Kun dai gan shi. Yau ne za ku san shi.

A can da, tun duniya tana ɗanya, babu fure ko ɗaya a bayan ƙasa. Babu ƙudan zuma, don in ma yana nan me zai ci? Babu tsamiya, babu kuka, babu ɗorawa. A lokacin ne Allah ya tsirar da itacen nan a kan dutsenmu, mace da miji, gefe da gefe. Ita muna ce mata Iya. Sunan mijin kuwa ku dakata tukuna.

Iya ta ga abin da ba wanda ya gani. Ta ga ƙadangaru masu girman rumbu suna kiwo a gindin dutse. Su ne suka dame ta da cin ganye har ta fitar da ƙaya. Suka zo suka ƙare, ita tana nan. Ta ga ranar da furen farko ya buɗe, itatuwa suka ruɗe, kowa yana neman nasa. Aka zo aka ce, "Iya, ke ba za ki karɓi naki ba?"

Ta ce, "Na yi 'ya'ya na yi jikoki tun ba a san shi ba. Ku yara ku je ku yi ado."

Har yau irinta ba sa fure. Ku ji yadda suke haihuwa. Ita takan yi goyo a tsakiyar kanta, ƙato, cike da 'ya'ya jajaye. Shi kuwa mijin kai uku gare shi daga gindi ɗaya. Kowane kai yakan fitar da zangarniya, babu ɗa ko ɗaya a cikinta, sai gari rawaya. In lokaci ya yi, zangarniyar takan yi ɗumi, ta yi ƙamshi. To, akwai wani ɗan Ƙwaro baƙi mai dogon hanci, bai kai ƙwayar wake ba. Shi yake shiga cikin ɗumin, ya yi birgima a garin, ya taso ya kai wa Iya. In garin bai je ba, 'ya'yan za su yi ja su yi kyau, amma cikinsu holoƙo ne, ba za su taɓa tsira ba.

Wata shekara dutsen ya tsage. Tsagin ya bi ta tsakaninsu, ya bar Iya a gabas, ya juya da mijin can baya ta yamma. Tun daga ranar ba su ƙara ganin juna ba. Ƙwaro ne kaɗai yake kai da kawowa, yana tafe yana waƙa:

Na shiga ɗumi, na fito da gari,
Na kai wa Iya, ba ta ce sannu ba.

Ku karɓa mana. Bakinku ciwo yake yi?

"Na kai wa Iya, ba ta ce sannu ba."

Yawwa. Ana nan, ana nan, danginsu na sauran duwatsu suka ƙare. Fari ya ci wasu, wuta ta ci wasu. 'Ya'yan da Iya take zubarwa kuwa, Bika ne yake kwashewa, wato gwaggon biri. Ya tsotse jar tsokar, ya jefa ƙwallon a cikin tsagin dutse inda babu ƙasa babu rana. Har aka wayi gari su biyu kaɗai suka rage a duniya. Iya ta saurari jikinta, ta gane goyo uku ne suka rage mata.

A gindin dutsen akwai wani mai lambu, sunansa Nomau. Kai, mutumin nan Allah ya ba shi hannu. In ya soka busasshen kara a ƙasa, ka dawo jibi ka tarar ya yi ganye. Kuma ya san ya iya, nan ne matsalar take. Doka ɗaya gare shi: itacen da ba ya 'ya'ya ba ya shan ruwansa. In namijin gwanda ya nuna kansa da safe, kafin azahar yana ƙasa.

Ran nan Nomau ya hau dutse neman sandunan shinge, sai ya ji an ce, "Ɗan nan, kai ne Nomau da ake faɗa?"

Ya waiga, ya ga tsohuwa. Ya rusuna ya ce, "Ni ne, Iya. Barka da hantsi."

"Barka kadai. Ban taɓa roƙon kowa ba, yanzu ma ba roƙo nake yi ba. Goyo uku suka rage mini. In babu ɗan da ya tsira a cikinsu, irinmu ya ƙare a duniya. Za ka iya?"

Nomau ya yi dariya. "Iya, abin da yake da ƙwallo ai ya gama tsira, in dai hannuna ya taɓa shi."

Ta ce, "Akwai kuma..." 

So take ta gaya masa zancen na bayan dutse. Amma ku tuna Iya mutuniyar da ce. Matan da ba sa kama sunan miji, ko zancensa ba sa yi a gaban yaro. Ta ina za ta fara da ɗan cikinta?

"Akwai me, Iya?"

"Babu komai. Je ka abinka."

Ya tafi. Ko yadda ake shuka su bai tambaye ta ba. Nomau ne zai yi tambaya?

Goyon farko ya nuna. Nomau ya zo da kwando ya kwashe shi kaf. Ya ɓare jar tsokar ya binne ta a matsayin taki, Bika yana kan reshe yana kallo yana haɗiyar miyau. Ya wanke ƙwallayen a rafi, duk suka nutse ƙasa don nauyi. Ya haƙa rami mai zurfi a baƙar ƙasa, ya zuba taki, ya binne su yadda yake binne ƙwallon mangwaro. Ruwa safe, ruwa yamma.

Kwana bakwai, shiru. Wata ɗaya, shiru. Wata uku, shiru. Masu wucewa suka fara cewa, "Nomau, tsakuwa ka shuka a nan?" Ya kasa daurewa, ya tona. Duk sun ruɓe.

Ya zauna ya rafka tagumi. Bika ya sauko a hankali. Shi lissafinsa ɗaya ne: muddin mutumin nan yana sa rai, goyon ba zai dawo bakinsa ba. Kuma ya san ko da gari ko babu gari, tsokar ja ce, zaƙinta ɗaya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sarkin masu lambu. Wa ya ɓata maka rai?"

"Tafi ka ba ni wuri."

"Zan tafi. Ni dai na san laifin ba na hannunka ba ne."

Nomau ya ɗago kai. Abin da yake son ji ke nan.

Bika ya ce, "Akwai wani a bayan dutse, irinsu ɗaya da tsohuwar, kai uku gare shi. Tun da nake ban taɓa ganin ya yi ɗa ba. Saiwarsa ta bi ta ƙarƙashin dutse tana tsotse ta. Yaya za a yi 'ya'yanta su yi ƙwari?"

Nomau ya ɗauki gatari ya zagaya. Ya duba kai na ɗaya, babu ɗa. Na biyu, babu ɗa. Na uku, babu ɗa. Ya ce, "Ashe namijin gwanda ne." Ya hau sara. Jikin tsohon da tauri, tun hantsi sai la'asar ya kayar da kai ɗaya, bakin gatarin ya dakushe. Ya ce wannan ya isa gargaɗi, ya koma gida. Tsohon bai ce uffan ba.

Ƙwaro ya tashi fir, sai wurin Iya. "Iya, an sare kai ɗaya."

Ta kau da kai gefe, Ƙwaro ya ci gaba da magana.

"Ki gaya wa yaron nan."

"In gaya masa me?"

"Ki ce masa mijinki ne."

"Kai Ƙwaro, ka san da wa kake magana? Ni da na girmi fure, in buɗe baki in yi wa ɗan cikina wannan zance? Shi wancan ba shi da baki ne?"

"Na tambaye shi. Ya ce shi ba zai roƙi yaro ba."

"To, ni ce zan roƙa?"

Ni wurin nan haushi yake ba ni, wallahi. Tsofaffi biyu, kowa ya ɗaure baki, gatari yana ci.

Goyo na biyu ya nuna. Bana garin bai ishe shi ba, tun da kai biyu ne suka rage. Nomau ya kwashe, ya ɓare, ya kai rafi. Rabi suka nutse, rabi suka taso sama suna yawo. Ya tsaya yana kallonsu.

Bika yana bakin rafi, ya ce, "Ka gani ko? Bara duk sun yi nauyi, bana an tsotse rabi. Kai biyun nan da ka bari ne suke ramuwa."

Nomau ya shuka waɗanda suka nutse. Ya ƙara zurfin rami, ya ƙara taki, ya ƙara ruwa. Kwana bakwai, shiru. Wata ɗaya, shiru. Wata uku, shiru. Ya tona. Sun ruɓe fiye da na bara.

Ya wasa gatari ya zagaya bayan dutse. Ƙwaro ya ga abin ya wuce wasa, ya ce bari shi ya faɗa da bakinsa. Ya sauka a kunnen Nomau ya fara, "Malam Nomau, don Allah ka..." Nomau ya ji zzz, ya kai mari. Ƙwaro ya faɗi cikin ciyawa, fiffike ɗaya ya karye. Kai na biyu ya faɗi kafin la'asar, ƙotar gatarin ta tsage biyu. Tsohon bai ce uffan ba.

Kwana uku Ƙwaro yana jan ciki kafin ya iso gabas. Ya ce, "Iya, saura ɗaya."

Ta ce, "Na ji saran."

"To?"

"To me? Ka je ka yi jinyar fiffikenka."

Amma tun daga ranar ganyenta ya fara sunkuyawa.

Shekara ta juyo. Goyo na uku ya leƙo a kan Iya, na ƙarshe ke nan. A bayan dutse zangarniya ɗaya tak ta fito, ta fara ɗumi. Nomau ya ce, "Bana ba zan jira sai an tsotse ba. Tun goyon yana ɗanye zan gama da shi." Ya sa sabuwar ƙota, ya wasa gatari har yana aske gashin hannu. Ya zagaya bayan dutse, Bika yana biye da shi yana yi masa kirari.

Ya ɗaga, ya sauke. Kau. Ƙarar ta tsallaka dutse ta iso gabas.

Iya ta ce, "Ɗan nan, dawo."

Nomau ya ɗaga murya daga can. "Iya, yanzu zan zo. Me ya faru?"

Shiru.

Ya ɗaga, ya sauke. Kau. Ruwan jikin tsohon ya fara tsiyaya.

Iya ta ce, "Ɗan nan, ka bar shi. Na san shi."

"Iya, kin cika tausayi. Shi ne yake cutar ki. Wane ne shi da zan bar shi?"

Shiru.

Bika ya ce, "Tsufa ne, ranka ya daɗe. Ƙarasa kawai."

Nomau ya gyara tsayuwa, ya tofa miyau a tafi, ya ɗaga gatari har bayan ƙeya. Sara ɗaya ya rage.

Lanti, rufe bakinki, ƙuda zai shiga.

Sai Iya ta miƙe ganyenta gaba ɗaya. Muryar da ta fito ba ta rawa, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Mijina ne. Uban 'ya'yana ne. In ka sare shi ka sare su." Sannan ta juya wajen yamma, ta kira, "Anaruwa."

Tun duniya tana ɗanya ba a taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Tsuntsaye suka yi tsit. Daga bayan dutse, wata murya da ta daɗe ba ta fita ba ta amsa, "Na'am."

Gatari ya suɓuce daga hannun Nomau. Bika ya ga asiri ya tonu, ya zabura zai gudu, ƙafa ta goce, ya gangaro tun daga saman dutse har ƙasa a kan gindinsa. Gashin wurin bai ƙara fitowa ba, ku duba in kun gan shi.

Nomau ya zagayo gabas. Ya cire hula, ya durƙusa. Ya ce, "Iya, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Kai me ya sa ba ka tambaya ba?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To, yanzu na tambaya. Me zan yi?"

Ƙwaro ya leƙo daga gindin ganye ya ce, "Garin nan rawaya da kake rainawa, shi ne uban tafiyar. Ni nake kawo shi, ga shi ka karya mini fiffike."

Nomau ya ce, "Ni zan zama fiffikenka."

Ya ɗora Ƙwaro a kafaɗa, suka zagaya yamma. Ya gaida tsohon, ya roƙi gafara. Tsohon ya ce, "Yi aikinka, yaro." Nomau ya tara ƙoƙo a ƙarƙashin zangarniya, ya ɗan buga ta a hankali, gari ya zubo. Ya rufe da hula don kada iska ta kwashe, ya kawo gabas. Ƙwaro ya yi birgima a cikin ƙoƙon, ya shiga tsakanin ɓawon goyo yana rabawa. Safiya uku suna haka. A ta huɗu zangarniyar ta huce.

Goyon ya nuna. Nomau ya ɓare, ya kai rafi. Ya zuba. Suka taso sama, suka taso, suka taso, ruwa ya tafi da su. Ya laluba ƙasan ruwan da hannu. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya sake lalubawa har farcensa ya cika da yashi. Uku ne, babu ƙari.

Ya rungumo su ya hau dutse. "Iya, yaya ake shuka su?"

Ta ce, "Yanzu ka yi magana. Ka ajiye su a inuwa wata shida, ɗan bai gama haɗuwa a ciki ba. Sannan ka kwantar da su a kan yashi, a gicciye, rabi a ciki rabi a waje. Babu taki. Ruwa kaɗan. Mu 'ya'yan dutse ne, ba albasa ba. Kuma kada ka tona."

"Kwana nawa, Iya?"

"Wa ya ce maka kwana? In sun tsira ma, ba za ka san mace ba, ba za ka san namiji ba, sai sun shekara ashirin. Kada gatari ya kusance su."

Nomau ya yi yadda aka ce. Wata shida a inuwa. Ya kwantar da su a yashi. Wata ɗaya, shiru. Wata uku, shiru. Masu wucewa suka dawo da tsiyarsu. "Nomau, bana ko binne tsakuwar ba ka yi ba?" Ya ce, "Jira nake yi." Hannunsa yana ƙaiƙayin tonawa, sai ya zauna a kansa.

A wata na biyar ƙwallo ɗaya ya tsage, saiwa ta fito ta nufi ƙasa. Bayan ta kafu, ganye ɗaya ya leƙo a naɗe, bai kai yatsan Lanti ba. Sai na biyu. Sai na uku.

Nomau ya hau dutse da gudu, babban mutum da shi, hula a hannu. Ya tarar ganye ɗaya ne kore ya rage a kan Iya.

Ta ce, "Nawa?"

"Uku, Iya. Duka ukun."

Ta ɗaga ganyen nan ɗaya da ya rage mata. Sannan ta ce, "Madalla. Je ka gaya wa Anaruwa." Wannan karon ko ɗar ba ta ji ba.

Da rani ya shigo ta bushe a tsaye, ba ta faɗi ba. Nomau ya dasa 'ya'yan a saman dutse kusa da juna, inda ko gurgun ƙwaro zai iya kai da kawowa. Ganye kaɗan suke ƙarawa a shekara, shi kuma yana jira. Sai da gemunsa ya yi fari fat sannan suka nuna kansu. Biyu suka yi goyo, ɗaya ya fitar da zangarniya. Nomau ya zauna a gindin mai zangarniyar ya yi kuka, shi ya fi ba wa ruwa a shekarar.

Duk waɗanda kuke gani a kan dutsen nan jikokinsu ne. Ku zagaya garuruwan da ke kewaye da mu, ba za ku samu ko ɗaya ba. Namu ne, mu muka riƙe su. Shi ya sa a garin nan ba a hawa dutse da gatari. Shi ya sa in kuka ga ɗan baƙin ƙwaro mai dogon hanci ba kwa kashe shi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, wanda ya iya ya riƙa tambaya. Kunya kuma abu ne mai kyau, ni ma da ita aka raine ni, amma in gatari ya hau kan naka, ka buɗe baki.

Don kada a manta ne mutanen da suka kafa al'ada. Duk shekarar da zangarniya ta yi ɗumi, macen da ta fi kowa tsufa a gari takan hau dutse da hantsi, ta fuskanci yamma, ta kira sunan mijinta da ƙarfi, sau ɗaya.

"Kaka, bana wa zai hau?"

Wa kike gani ya girme ni a garin nan? Shekara arba'in da uku muka yi da kakanku a ɗaki ɗaya, ban taɓa kama sunansa ba. Yau shekara tara yana ƙasa. Masu kiwo sun ce zangarniya ta fara ƙamshi. Jibi zan ɗaura sabon zanena in hau, kuma ba wanda zai riƙe mini hannu. Zan kira shi yadda har mutanen ƙetaren rafi za su ji.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙwaro. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya hau dutse ya tambayi masu ƙaya.